Cinikin Biri a Sama

Hausawa sun daɗe da yanke hukunci a kan sayen abin da ido bai gani ba, har suka laƙaba masa suna cinikin biri a sama. Dalilinsu a fili yake, domin wanda ya ƙirga kuɗi ya biya birin da ke bisa reshe, ba shi da tabbacin zai kama ko da wutsiyarsa. Sai ga shi zamani ya zo da wata kasuwa wadda kowane biri nata a sama yake, watau kasuwar wayar hannu, inda mutum zai zauna a Taraba ya sayi ƙarfen da ke rataye a wata rumfa a Kano, ya biya lakadan, alhali bai taɓa ƙarfen ba, bai kuwa san fuskar mai shi ba.

Akwai wani mutum a birnin Kano, shekarunsa ba su kai arba'in ba, sana'arsa sayar da kayan gyaran babur na hannu, waɗanda ake kwancewa daga jikin tsofaffin babura: kabireta da giya da sarƙa da tanki da salansa da sauran tarkacen inji. Ba za a ambaci sunansa ba, don labarin ba na yabo ba ne zalla. Tun yana ɗan shekara goma sha uku aka kai shi wajen wani tsoho a wajejen Ƙofar Ruwa ya koyi sana'a. Shi kuwa tsohon nan ya fara tun zamanin Udoji, lokacin da Vespa da Honda Benly suke abin hawan akawu da malaman makaranta, ana goge su da tsumma kowace safiya kamar dokin sarauta.

A rumfar tsohon ciniki yana da tsari wanda ba a rubuce yake ba, amma kowa ya san shi. Mai saye yakan zo da bakanikensa, su ɗauki ƙarfe su juya shi a hasken rana, bakanike ya ƙwanƙwasa shi da sifana ya saurari ƙararsa. A taya, tsoho ya ce albarka. A ƙara, ya sake cewa albarka. Har a kai inda zai ce ya sallama. Da zarar kalmar nan ta fita daga bakinsa, magana ta ƙare. Ko wani ya zo nan take da ninkin kuɗin, amsa ɗaya ce, an sayar. Idan mai saye kuɗinsa bai cika ba, sai ya ba da kafin alƙalami, a ɗaure kayan da tsumma a tura ƙarƙashin benci har ya dawo. In kuwa ƙarfen yana da aibi, tsohon yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba yaron haushi: sai ya kama yatsan mai saye ya ɗora a kan aibin, ya ce, “Ka ji nan? To, da shi na sayar maka.”

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen wancan lokaci mala'iku ne. Akwai masu algus a cikinsu, akwai masu rantsuwa a kan ƙarya. Abin da ya bambanta shi ne kasuwa tana da idanu. Maƙwabcin rumfa yana jin abin da aka faɗa, shugabannin kasuwa suna nan a kai musu ƙara, wanda aka cuta ya san hanyar rumfa, kuma da azahar a sahu ɗaya za a tsaya da shi. Rabin gaskiyar ɗan kasuwa tsoron Allah ne, ɗaya rabin kuwa kunyar idon jama'a. Tsohon da kansa bai taɓa samun dalilin da zai sa ya auna wanne ya fi nauyi a zuciyarsa ba, don tare suka zo masa, tare kuma ya tsufa da su.

Yaro ya girma, aka sallame shi, ya kama rumfarsa. Bai daɗe da tsayawa da ƙafarsa ba sai kasuwa ta juya. A watan Janairu na 2013, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birni da kewayensa. A Daidaita Sahu ta gaji fasinja, babura kuma suka yi ta kwarara zuwa ƙauyuka da wasu jihohi. Kayan gyara suna Kano, masu bukatarsu suna nesa. Wayar hannu ce ta haɗa su. Mutumin ya fara sa hotunan kayansa a Facebook, masu so su ɗauki lambarsa su biyo shi ta WhatsApp, a yi ciniki da saƙon murya, a turo kuɗi, shi kuma ya kai kaya tasha ya ba direba. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, sa'ad da aka sauya fasalin naira, ya koya wa har mutanen ƙauye tura kuɗi ta waya ko ta hannun mai POS. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu na shekarar, darajar naira kuma ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin talaka, sai kasuwar na hannu ta buɗe fiye da da.

Ciniki daga nesa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Fatake sun yi ta kai da kawowa tsakanin Kano da Gwanja suna sayen goro, kuma littafin da Abner Cohen ya fitar a 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan ya nuna yadda ake sayar da shanu bashi ga mahauta, mai shanu bai san mahauci ba, amma maigidan da ya sauke shi ya tsaya masa, in kuɗi ya maƙale shi ne a wuya. Haka nan malaman fiƙihu ba su bar batun ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zauruka har gobe, ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, ta hana ɓoye aibi, ta kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Ashe nisa ba shi ne sabon abu ba. Sabon abu shi ne an cire maigida daga tsakani, an cire dillali da maƙwabci, sa'an nan aka ba kowane mai waya wani ɗan maɓalli wanda in ya taɓa shi, abokin cinikinsa ya ɓace daga duniyarsa kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

A cikin daminar 2023 mutumin ya sayi wata Bajaj Boxer da ta yi haɗari, ya kwance ta. Daga cikin abin da ya samu akwai kan inji, watau ɓangaren nan na sama inda fulogi yake shiga, inda kuma bawul suke. Da ya wanke shi da fetur ya ɗaga shi a rana, sai ya ga wata 'yar tsaga, siririya kamar silin gashi, ta taso daga ramin fulogi ta nufi mazaunin bawul. Ya san abin da take nufi sarai. Irin wannan tsaga in inji yana da sanyi ba ta nuna kanta; babur zai tashi, zai yi gudu. Amma ƙarfe yana buɗewa da zafi, yau kaɗan gobe kaɗan, har ran da inji zai rasa ƙarfi ya fara shaƙewa a kan hawa. Kai mai irin wannan tsaga, hakkinsa a sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli.

Ya goge shi tas, ya ajiye a kan kwali, ya ɗauki hoto uku. Duka ukun gaskiya ne, ba a taɓa su da komai ba. Sai dai ya zaɓi inda haske zai faɗo, tsagar kuwa ta kwanta a cikin inuwa.

Kwana biyu bayan haka saƙon murya ya shigo daga wani ɗan acaɓa a Mutum Biyu, a jihar Taraba, kan hanyar Jalingo zuwa Wukari. Muryar saurayi ce, mai ladabi, ana jin kukan kaji a bayanta. Ya ce babur ɗin ba nasa ba ne, na wani ne yake biya kullum, kuma yau kwana tara ke nan yana jingine. Aka yi ciniki, aka tsaya a naira 28,000 har da kuɗin mota. Kafin ya tura kuɗin sai ya sake aiko da wani saƙo gajere.

“Malam, tsakaninka da Allah, ba shi da matsala? Kuɗin nan rance na yi.”

Mutumin ya saurari saƙon sau biyu. Ya lura, kamar yadda kowane ɗan kasuwa zai lura, cewa tambayar tana da ƙofa ta baya. Sai ya amsa, “Ai ga hoto ka gani, yadda ka gan shi haka yake.” Ya ji amsar ta yi sanyi da yawa, ya ji tsoron kada ciniki ya kuɓuce, sai ya ƙara da cewa, “In ya ba ka matsala ka dawo da shi, in mayar maka da kuɗinka. Na yi maka alkawari.”

A nan ne abin dubawa yake. Jimlar farko ba ƙarya ba ce in an bi ta kalma kalma, kuma da irinta ne mafi yawan zamba ta waya take tafiya, domin mai saye shi ne yake ƙarasa ƙaryar da kansa a cikin zuciyarsa, mai sayarwa hannunsa a wanke. Jimla ta biyu kuwa ita ce ta saye zuciyar saurayin. Bai sayi hoto ba, don ya san hoto ba ya nuna komai. Abin da ya biya naira 28,000 a kansa shi ne kalmar alkawari. Mutumin kuma, a lokacin da yake faɗinta, bai yi niyyar saɓawa ba, bai kuma yi niyyar cikawa ba. Ya faɗe ta ne kamar yadda ake ɗora gyara a kan mudu, yana fatan tsagar za ta yi shekara ba ta buɗe ba, in ta buɗe kuma a ce ƙaddara ce.

Kuɗi ya shigo da sunan wani mai POS. Aka naɗe kan inji a takardar siminti, aka rubuta lambar waya a jiki, aka ba direban Jalingo. Mutumin ya adana lambar saurayin a wayarsa da sunan “Kan inji Taraba”, don bai tambayi sunansa ba, shi ma bai faɗa ba. Washegari da dare saƙo ya zo na godiya da addu'a, har da ƙarar babur a bayansa, an murɗa masa wuta don Malam ya ji.

Mako uku babur ya yi yana aiki. A na huɗu saƙonni suka fara shigowa. Na farko tambaya ce, na biyu bayani ne daga bakin bakanike, wanda ya kwance ya ga tsagar ya ce tsohuwa ce, ta riga ta yi baƙi. Na uku tuni ne a kan alkawari. Kuɗin kuwa ya riga ya shige cikin kuɗin hayar rumfa. Mutumin ya ce a bari zuwa Litinin. Litinin ta zo ya ce kasuwa ba ta motsa ba, zuwa Juma'a. Ya ce ai ƙila bakaniken ne ya ɗaure fulogi da ƙarfi ya tsaga shi, ko da yake ya san ba haka ba ne. Saurayin bai yi zagi ba ko sau ɗaya, abin da ya fi ƙona rai ke nan. Da ya yi zagi da an sami abin fakewa. Saƙonsa na ƙarshe daƙiƙa bakwai ne: “Malam, mai babur ya karɓe abinsa. Ni dai kai ka ce ka yi alkawari.”

Mutumin ya taɓa maɓallin nan. Wayar ta yi tsit.

Babu abin da ya same shi. Ya kamata a faɗi wannan, domin masu ba da labari sun saba gaggauta kawo sakayya, rumfa ta ƙone ko ciwo ya kama mutum. Rumfarsa ba ta ƙone ba, ciniki ma ƙaruwa ya yi. Ba wanda ya sani a kasuwa, ba wanda zai sani. Yakan je gaida tsohon maigidansa, wanda ido ya fara yi wa rauni, su yi hira a ƙofar gida. Wata rana yana yi masa bayanin yadda ake ciniki yanzu, yana nuna masa waya, sai tsohon ya tambaye shi, “To, kai yaro, su waɗannan da ba su ganka ba, wa yake tsaya musu?” Ya yi dariya ya ce, “Baba, ai yanzu ba a tsayawa.” Tsohon ya ce, “Ikon Allah,” ya koma kan zancen tsadar gero.

Sai a cikin azumin 2024 wani baƙon lamba ya kira shi. Dattijo ne daga wajen Bali, yana son kabireta da sarƙa. Mutumin ya ce bari ya turo masa hoto, dattijon ya ce ba sai an yi haka ba, a faɗa masa kuɗi kawai. Ya yi mamaki, ya tambaye shi inda ya sami lambarsa. Dattijon ya ce bara da damina ya je Mutum Biyu, wani yaro ɗan acaɓa ya ɗauko shi daga tasha, suna tafe yana yaba ƙarar injin, yaron ya ce ai daga Kano aka aiko masa da kai, wajen wani mutumin kirki wanda har alkawari ya yi masa in ya lalace ya mayar. Shi ne ya karɓi lambar ya rubuta a bayan takardar magani, sai yanzu bukata ta taso.

Ɗaliban Hausa sun san laccar Kirk-Greene da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki, inda ya jero halayen da Bahaushe yake auna mutum da su, gaskiya da amana suna kan gaba. Mutumin namu na rumfa bai taɓa jin labarinta ba, bai kuma bukaci ya ji ba kafin ya gane abin da aka ɗora masa. A cikin makonni ukun nan da babur yake lafiya, saurayin ya yi ta raba lambarsa yana tsaya masa, watau ya zama shi ne maigidan da tsoho yake tambaya, ya ba da shaida a kan wanda ya cuce shi. Ga shi shaidar tana ta aiki bayan wata bakwai, tana kawo kuɗi, mai ita kuwa an toshe shi.

A daren nan ya buɗe lambar. Ya aika saƙo, bai shiga ba. Ya kira, aka ce layin ba ya aiki. A farkon shekarar ne kamfanonin waya suka rufe layuka masu yawa waɗanda ba a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ba; mai yiwuwa nasa yana ciki, mai yiwuwa kuma wayar ce aka sayar a biya rance. Ya koma kan dattijon Bali, ya ce bai san yaron ba, sau ɗaya ya gan shi, baƙi ne siriri, kamar yana da tabo a haɓa. Ya duba sunan da kuɗi ya shigo da shi, ya roƙi direban Jalingo ya tsaya a Mutum Biyu ya nemi mai POS ɗin. Direba ya same shi, ya ce mutum nawa suke tura kuɗi ta hannunsa a yini, ina zai tuna na bara? Aka tambayi 'yan acaɓan bakin tasha, kowa ya ce a faɗi suna. Suna kuwa babu, sai “Kan inji Taraba”.

Tun daga lokacin ya sauya yadda yake ciniki. Ya daina tura hoto shi kaɗai, sai bidiyo, yana juya ƙarfen a rana, in akwai aibi ya ɗora farcensa a kai ya ce, “Ka ga nan? Da shi zan sayar maka.” Ya sayi littafi mai bango ja yana rubuta sunan kowane mai saye da garinsu da lambar wani wanda ya san shi. In aka ce ya ajiye kaya, yakan yanka wa'adi, ya faɗe shi da baki a cikin saƙo, kuma kafin wa'adin ya cika ba ya saurarar wani tayi. Kalmar alkawari kuwa ya rage faɗinta ƙwarai, sai inda ya riga ya ware kuɗin cika ta. Ya yi asarar ciniki ba kaɗan ba, don akwai masu saye da suka fi son a yi musu ƙarya mai daɗi, su bar shi su tafi wajen mai hoto uku. Shi ma an cuce shi, an taɓa nuna masa alat na bogi aka tafi da giya sukutum, wani kuma ya karɓi kaya lafiya ƙalau ya ce a fashe suka iso. Maƙwabtansa na rumfa suna yi masa ba'a wai ya zama alƙali. Gaskiya kuma ita ce sabon halin ya fara jawo masa masu saye na dindindin, saboda haka ba za a iya rantsewa cewa duka tuba ce ba, akwai lissafin kasuwa a ciki. Shi kansa ya san da haka, kuma yana daga cikin abin da yake hana shi jin ya wanku.

Ya kai maganar wajen wani malami a unguwarsu. Malamin ya ce idan mutum ya yi iyakar nema bai sami mai hakki ba, yana iya yin sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je ga mai shi, da sharaɗin in ya bayyana daga baya a biya shi. Ya yi godiya ya tashi, amma har yau bai yi ba. Da farko abin da ya tsayar da shi lissafi ne: naira 28,000 ta bara ba ta sayen abin da ta saya bara, to, nawa ake binsa? Kuɗin kai ne kawai, ko har da rancen, ko har da babur ɗin da aka karɓe, da kwanakin da saurayin ya yi a zaune? Daga baya ya gane ko da an yi masa lissafin, ba ya son hanyar da za ta rufe maganar ba tare da ya ji muryar nan ta ce ta yafe ko ta ƙi ba.

Abin da ya yi shi ne, da ya sami wata Boxer mai lafiyayyen inji, ya cire kanta, ya wanke, ya duba shi a rana har sau uku, ya shafa masa baƙin mai don kada ya yi tsatsa, ya naɗe a takardar siminti ya ɗora a kan kanta ta sama. Duk direban da zai bi ta Mutum Biyu yakan ba shi ɗan kuɗin goro ya ce a tambaya masa wani siririn yaro mai tabo a haɓa, wanda ya taɓa yin acaɓa da Boxer.

Kwanan baya wani bakanike ya shigo rumfar neman kan inji, aka duba ƙasa babu. Ya ɗaga kai ya hango ƙunshin, ya miƙa hannu ya sauko da shi, ya buɗe, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya ce wannan ai kamar sabo ne, nawa? Mutumin ya ce ba na sayarwa ba ne. Bakaniken ya taya, ya ƙara, ya sake ƙarawa har ya wuce kuɗin da ake sayar da irinsa. Mutumin ya karɓi kan injin daga hannunsa, ya mayar da takardar yadda take, ya hau benci ya ajiye shi a mazauninsa.

“Ka yi haƙuri, Malam,” in ji shi, “an sayar.”